Ruwan Famfo a Tsohon Tafki

Uwar Kore ce ta fara lura cewa tsohon tafki ya soma koɗewa. Ta tsoma hannu har gwiwa kamar yadda ta saba kowace safiya, sai ta hangi yatsun safar hannunta tar a ƙarƙashin ruwa. A tafki mai lafiya, hannu ɓacewa yake yi da zarar ya nutse. Ta fito da hannun, ta yarfe, ta dubi hagu ta dubi dama kamar wadda ta tsinci abin da ba nata ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ga wanda bai san sana'ar ba, noma ake yi a wurin, sai dai abin da ake nomawa shi ne abin da duk mace mai tsafta take kankarewa daga gindin randa, wato gansakuka. Ba mai zare-zaren nan ba, wata 'yar mitsitsiya ce da ido ba ya ganin ƙwayarta, sai ta yi yawa ruwa ya koma kore shar. Abincinta ruwan kwata: na wanke-wanke, na wanka, da wanda ba a ambata a gaban mai cin abinci, duk na unguwannin da ke saman gangare. A tace shi, a bar shi ya kwanta, sannan a sako shi cikin dogayen tafkuna marasa zurfi da aka shimfiɗa wa baƙar leda, wata fanka tana kaɗa shi yana zagayawa. Gansakuka ta cinye dattin ta yi ƙiba, a kwashe ta, a matse, a shanya, a sayar wa masu haɗa taki da abincin dabbobi. Mutanen gari suna toshe hanci in sun zo wucewa, alhali kayan nasu ne.

Sababbin tafkuna inji ne ke kwashe su. Tsohon kuwa ƙasansa ya lotsa nan da can, gansakukar tana taruwa a kwarin, dole ranar kwasa wani ya shiga da tsintsiya mai laushi ya koro ta ba tare da ya huda ledar ba. Wannan wanin, shekara da shekaru, Uwar Kore ce. Daga nan sunan ya samo asali, har 'ya'yan cikinta in suna son tsokana haka suke kiranta.

Akwai abin da take ɓoyewa. Takalmin ruwa komai tsawonsa, in fanka ta turo igiyar ruwa sai ya leƙa ciki, kuma ruwan nan ya daɗe yana cin ƙafafunta. Daga idon sawu zuwa ƙwauri fatar ta tsattsage, tana ƙaiƙayi, wani lokacin har da ruwa-ruwa. Dokar wurin kuwa a rubuce take a ƙofar ɗakin sauya kaya: duk mai miki ko ciwon fata ba shi ba tafki. Wanda aka raba da tafki kuma babu wani aikin da ake ajiye masa. Saboda haka ta zama mai doguwar safa rani da damina, ta kuma zama mai sauya kaya bayan kowa ya fita. A 'yan makonnin nan dai Allah ya kawo sauƙi. Ta sami wani man shafawa a kemis ɗin bakin layinsu, ƙafa ta fara kamewa, har ta zama 'yar tallan man ba da albashi ba. Ko ciwon kai maƙwabciya ta ce tana yi, sai ta ce a gwada shi.

Mutum ɗaya ne a wurin aikin ya san sirrin ƙafar, ƙanenta, autansu. A gida Auta take ce masa duk da furfurar da ta fara tsiro masa a gemu. A wurin aiki Sufana ake ce masa, don ba a taɓa ganinsa babu ita a aljihun baya ba. Mai gyaran famfo ne, mai hannu ƙwarai, mara magana. A da yana aiki a wani babban otal, har ranar da kawunan famfo na tagulla suka yi ƙafa daga sito. Ba a kama shi da komai ba, ba a kuma wanke shi ba, aka dai ce ya huta. Ya huta har hutun ya gaji da shi. Ita ta je ta durƙusa wa Manaja na nan wurin aikinta, har ya ɗauke shi.

"Na tsaya masa, yallaɓai," ta ce a ranar. "In ya ɗauki allura, ni na ɗauka."

Manaja mutum ne da ba ya mantuwa da irin wannan magana.

Da kwasa ta yi ta raguwa mako bayan mako, sai ya kira ta ɗakin gwaji. Ɗakin ƙarami ne, kanta cike da kwalabe masu kore kala-kala, ga Mai Gwaji, wata matashiya mai tabarau da ta san aikinta, tana jujjuya wata kwalba a hasken taga.

"Faɗa mata abin da kika faɗa mini," in ji Manaja.

"Mama, na duba na sake dubawa," Mai Gwaji ta ce. "Ba cuta ba ce, babu ƙwarin da ke cin ta. Yunwa ce kawai. Ruwan ya tsinke, abincin da ke ciki bai kai ba. Sannan akwai ɓurɓushin sinadarin nan da ake zuba wa ruwan famfo."

"Ruwan famfo? A tsohon tafki?"

"Shi fa."

Manaja ya jingina da kanta ya harɗe hannu. "Kin san yadda mai madara yake yi in ya sha daga cikin kwano? Ruwa yake ƙarawa ya ciko. Wani yana ɗibar mana kore mai kauri yana kai wa wani wuri, sannan ya cike gurbin da ruwan famfo don kada a ga tafki ya ragu."

"Ai famfo mafi kusa yana can wurin wanke kaya," Uwar Kore ta ce. "Da an ja tiyo da kowa ya gani. Da bokiti kuwa sai mutum ya wuni."

"Abin da na ce ke nan. Sai dai in ta ƙarƙashin ƙasa ruwan yake zuwa."

Babu wanda ya ambaci sunan kowa. Mai Gwaji ta sunkuyar da kai ta shiga goge tabarau ɗin da ba shi da datti. Rashin ambaton ya fi ambaton ciwo, don a duk wurin mutum ɗaya ne ya iya binne bututu.

"Masu saye sun fara ƙorafi," Manaja ya ƙara da cewa. "Dama tsohon tafki wahala yake ba ni. In ba a gano bakin zaren ba zan rufe shi, ke da matan shanyarki kowa ta kama gabanta. Ba na so, amma ba zan yi ta ciyar da ɓarawo ba."

Daga ranar idon Uwar Kore ya canza. Zato mugun baƙo ne, in ya sauka a gida sai ya ga kowane ɗaki nasa ne. Abubuwan da take gani kullum ba ta kula ba, yanzu duk suka fara yi mata magana. Me ya sa Auta yake daɗewa a bayan tsohon tafki, wurin da babu famfo balle ya lalace? Me ya sa gwiwar wandonsa take da jar ƙasa? Ta tuna otal. A wancan lokacin har ta kusa dambe da wata maƙwabciya a kan maganar, ta rantse ta maya cewa ƙanenta ba ya taɓa na wani. Yanzu ta tambayi kanta a kan me ta rantse, tunda ba ta cikin siton.

Auta yana zaune a ɗakin da ke bayan nata a gidan haya ɗaya, a wurinta yake cin abinci tun rabuwarsa da matarsa. Wata yamma sai ga shi da manyan kifaye a leda, suna ta motsi.

"Daga ina?" ta tambaya.

"Mai Kifi ne ya ba ni. Injinsa na gyara masa."

Mai Kifi shi ne maƙwabcin wurin aikinsu, kududdufansa suna bayan shinge daidai inda lambatun tsohon tafki yake bi ya wuce. Kuma wane ne bai san kifi yana son kore ba? Ta soya kifin, yara suka ci har da siɗe yatsu, ita kuwa ko ƙaya ba ta taɓa ba. Ta zauna tana kallon ƙanenta yana ci hankali kwance, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Auta," ta ce da yaran suka tashi, "babu wata magana da kake son gaya mini?"

Ya ɗago. "Kamar wace?"

"Kowace iri. Ni ce fa. Ni na goya ka."

Ya juya cokali a cikin kwano. Sannan ya ce, "Yaya, ya ƙafar?"

Kullum tambayarsa ke nan, safe da yamma, amma yau sai ta ji ta kamar ƙofar da aka turo mata a fuska.

"Da sauƙi," ta ce a daƙile. "Man nan ya karɓe ni."

"Madalla da man," ya ce, ya yi ɗan murmushi yana kallon kwano.

Murmushin nan ya kwana yana cin ta. Mai gaskiya ba ya yi wa kwano murmushi, haka ta yanke.

Ranar jajiberin kwasa ta yi shirinta. Da rana ta take, ma'aikata suka taru a rumfa cin abinci, ta ce cikinta ne ke juyawa, ta nufi bayi, ta zagaya ta laɓe a bayan ragar shanya. Warin busasshiyar gansakuka yana shigar mata hanci, zufa tana bin bayanta, tana roƙon Allah ya sa ta sha ranar nan a banza.

Ba ta sha a banza ba. Ga Auta nan tafe, yana waige. Ya tsuguna cikin ciyawar gefen tafki, ya ɗaga wani faffaɗan dutse, ya zaro sufana ya murɗa wani abu. Sannan ya bi gefen har ɗaya ƙarshen, ya zare katakon da ke tare mafitar ruwa. Kore mai kauri, wanda ta yi mako tana reno, ya kwararo cikin lambatu ya bi ta ƙarƙashin shinge ya nufi wajen Mai Kifi. Ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu, kamar mai ban ruwa a lambunsa. Da ya ga ya isa ya mayar da katakon, ya bar famfon yana cikowa, ya tafi.

Ta jira ya ɓace sannan ta je ta ɗaga dutsen. Kan famfo ne sabo, an naɗe mahaɗarsa da farin tef, an lanƙwasa bakin tef ɗin an cusa ciki. Duk famfon da ke gidansu haka aka naɗe shi. Ta mayar da dutsen a hankali, ta zauna a ƙasa, kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta.

Masu iya magana sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Masu iya maganar ba su da matan shanya da ke jiran ƙarshen wata, ɗaya ma da tsohon ciki. Ba su kuma durƙusa gaban Manaja sun ce in ya ɗauka su suka ɗauka ba. Ta ba shi dama a kan kwanon abinci, ya tambaye ta ƙafa. Ba ta bari zuciyarta ta huce ba, don ta san in ta huce ba za ta iya ba. Ta kakkaɓe zane ta nufi ofis.

Aka kira shi. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya ga Manaja a kujera, ya ga yayarsa tsaye jikin bango, ya daina gogewa.

"Akwai bututu a ƙarƙashin gefen tsohon tafki," Manaja ya ce. "Wa ya sa shi?"

"Ni ne."

"Kai kake zare katako kana sakin kore?"

"Ni ne."

"To, aƙalla ba ka wahalar da mu ba. Wa kake kai wa? Mai Kifi?"

Auta ya murɗe tsumman da ke hannunsa.

"Magana nake yi. In ba sayarwa kake yi ba, me kake yi da shi? Ba ni dalili ɗaya da hankali zai ɗauka."

Auta ya buɗe baki. Ya dubi wajen yayarsa, amma ba fuskarta ya duba ba, ƙasa ya duba, wajen takalmanta. Ya rufe bakin. Ita kuwa ta ce a ranta, ko ido ya kasa haɗawa da ni.

"Sufana," ta ce, "ka amsa wa yallaɓai."

Tunda aka haife shi ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba. Ya ji, kuma ta ga ya ji.

"Ba ni da abin faɗa," ya ce.

Manaja ya ce don darajar Uwar Kore ba zai kira 'yan sanda ba. Amma dole Auta ya ajiye rigar aiki, ya fita, kada a sake ganin ƙafarsa a wurin. Kafin yamma labari ya gama rumfa, kuma kamar yadda aka saba, kowa ya ce dama shi ya daɗe da sani. Aka tono maganar otal aka haɗa da wannan, biri ya yi kama da mutum. Da ta koma gida ta tarar ɗakin baya a buɗe, an share shi tsaf, makulli yana rataye a ƙusa. Ya ma gyara famfon tsakar gida da ke ɗiga kafin ya tafi.

Aka haƙe bututun. Cikin ɗan lokaci tsohon tafki ya dawo hayyacinsa, kore har yana baƙi-baƙi, hannu yana ɓacewa tun daga yatsu. Manaja ya yaba mata a gaban kowa, ya ce ga mace mai amana da ba ta duba jini ba. Matan shanya suka yi ta sa mata albarka. Ta karɓa, tana jin kowace albarka kamar an ɗora mata dutse.

Sai ƙafa ta tashi.

Kwasar farko ƙaiƙayi ne kawai. Ta biyu fatar ta buɗe a tsofaffin wuraren, ta ƙara da sababbi. Ta ninka shafa man, safe, rana, yamma, kamar tana shafa wa bango. Da abin ya ƙi, sai ta ɗauki kwalbar ta yi wa mai kemis tsinke, don yanzu zato ya zame mata sana'a.

"Jabu ka sayar mini," ta ce.

"Haba Mama. Kwali ɗaya ne da na farko, ga shi nan ko rabi ban sayar ba. Ni ma na yi mamaki da kika ce ya yi miki aiki haka, don na ƙaiƙayin zufa ne."

Ta fito tana masifa ƙasa-ƙasa, amma maganar ta biyo ta.

Bayan kwana kaɗan, tana fitowa daga aiki, ta tarar da Mai Kifi a bakin ƙofa yana tambayar maigadi ina mai gyaran nan, injinsa ya sake tsayawa. Jininta ya hau.

"Ba ka ji kunya ba?" ta ce. "Ka sa an kore shi, ka kuma biyo shi har nan? Koren da ka sha bai ishe ka ba?"

Mutumin ya dube ta sama da ƙasa. "Wane kore, baiwar Allah? Wanda kuke sako mini a lambatu yana toshe mini hanya yana wari? Tambayi maigadinku sau nawa na kawo ƙara. Ni ruwan rijiya nake ba kifina. In aka ji na zuba musu ruwan kwata wa zai sake saye a wurina?"

Maigadi ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne ya zo, shi dai ya ɗauka rigimar maƙwabta ce.

Washegari ta kai wa Mai Gwaji kwalbar awo, ta tsaya tana jan ƙafa, ba ta tafi ba.

"'Yata, in tambaye ki. In ke ce za ki saci kore a wurin nan, wane tafki za ki ɗiba?"

Mai Gwaji ta yi dariya, sannan ta ga ba wasa ba ne. "Na jikin shinge mana. Ya fi kauri, ya fi nisa da ido. Wallahi Mama abin ya daɗe yana damuna. Me ya sa tsohon tafki kaɗai? Kuma da na bi awon da na yi a baya, ba kullum ruwan yake tsinkewa ba. Ranar kwasa yake tsinkewa, sannan ya yi ta farfaɗowa har wata kwasar ta zo. Ɓarawo ai bayan an gama reno yake so, amma ba ya zaɓar ranar da za a fi lura. Kamar dai wani yana wanke tafkin ne kafin a shiga."

"Kafin a shiga," Uwar Kore ta maimaita.

"Eh. To wa ke shiga in ba ke ba?"

Uwar Kore ta juya. Ta tafi ɗakin sauya kaya, ta tura ƙofa, ta zauna a benci ta zare safa. Ta daɗe tana kallon ƙafafun. Ta lissafa lokacin da suka fara kamewa, ba daga ranar da ta sayi man ba, daga bayan zuwan Auta wurin ne. Ta tuna murmushin da aka yi wa kwano. Ta tuna inda ya duba a ofis. Mai gyaran famfo, duk rayuwarsa abu ɗaya ya sani: in ruwa mai datti yana cutar mutum, a kawo mai tsafta. Ko ya san hakan yunwa ce ga gansakuka, to ya auna gansakuka da ƙafar yayarsa ya ga wadda ta fi nauyi. Ta toshe baki da safar ta yi kuka, a hankali don kada matan shanya su ji.

Ta same shi a bakin titi, gaban wani shagon bututu, inda masu gyara suke zama da jakunkunansu suna jiran mai kira. Sauran suna hira a benci ɗaya, shi yana can gefe a kan bulo shi kaɗai. Labari ya riga shi zuwa nan ma, kuma babu mai son shigar da irinsa cikin gidansa. Ya rame. Tun daga nesa yake kallon tafiyarta, da ta iso ya tashi ya ba ta bulon.

"Yaya, ya ƙafar?"

Ta zauna. Ta ɗago ta dube shi.

"Auta, me ya hana ka gaya mini?"

"Da kin yarda?"

"Da ban yarda ba."

"To kin gani."

"A ofis fa? An ce ka ba da dalili ɗaya. Kalma ɗaya ce, da ba a kira ka ɓarawo ba."

Ya ɗauki wani guntun bututu yana jujjuyawa. "Da na faɗa, cewa zai yi ki cire safa. Ni ɗaya ne, cikina kawai. Ke ga yara."

"Sunanka fa?"

"Dama ya saba." Ya yi ɗan murmushin nan nasa. "Na yi kuskure, Yaya, na ɗauka ɗan ragin ba zai kai a lura ba. Na ɓarnatar musu da kaya, wannan gaskiya ne, korar ta dace da ni. Ki bar maganar a nan. In kika tayar da ita, ni ba za a mayar da ni ba, ke kuma a raba ki da tafki. An yi biyu babu ke nan."

"Kawunan famfon otal fa?" ta tambaya. Ba ta san tambayar za ta fito ba.

Ya dube ta, wannan karon cikin ido. "Yau kika fara tambayata."

"Yau na fara."

"Ban ɗauka ba."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi da ƙyar, ya miƙo hannu ya tallafe ta, ya sake cewa ta bar maganar, ya haɗa ta da girman iyayensu. Ta ce ta ji. Ai jin ta ji.

Da safe, ranar kwasa ce, matan shanya sun jera ragoginsu, fanka tana kaɗawa, tsintsiya tana jingine a gefen tsohon tafki tana jiran mai ita. Uwar Kore ta tsaya ta dubi ruwan, kore shar, mafi kyawun da ta taɓa renowa. Ta wuce shi. Ta leƙa ɗakin gwaji ta ce wa Mai Gwaji ta zo ta zama shaida, ta aika a kira maigadi, don ta san duk abin da maigadi ya gani rumfa ta gani, kuma so take ya kai har bakin titi.

Manaja yana waya suka shigo. Ya ajiye, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya? Ba a fara kwasa ba?"

Ba ta jira an ba ta kujera ba, ta jawo ɗaya ta zauna a tsakiyar ofis ɗin. Ta cire takalmin dama, ta cire na hagu, ta jera su a gefe.

"Yallaɓai, ranar nan ka tambayi ƙanena wa yake yi wa aikin, bai ba ka amsa ba," ta ce. "Ƙafafun nan ne. Na kawo maka su."

Ta sunkuya ta kama bakin safar. Safar ta manne da mikin, don haka sai a hankali ta rinƙa ja.